Dafa Giyar Burkutu a Gida a Kudancin Kaduna: Nazarin Aikin da Kalmominsa na Hausa

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'a da kowane aikin gida suna da rumbun kalmominsu, kuma nauyi ne a kan masanin harshe ya tattara waɗannan kalmomi, ya bayyana ma'anarsu da yadda ake sarrafa su. Manazarta Hausa sun yi ƙoƙari matuƙa a kan kalmomin ƙira da jima da saƙa da rini da fawa da dukanci, har ta kai kusan kowane sashen koyar da Hausa yana da kundayen ɗalibai a kan waɗannan sana'o'i. Amma akwai wani tsohon aiki da ake gudanar da shi da harshen Hausa a gidaje masu yawa na Arewacin Nijeriya, wanda alƙalamin manazarta bai cika kusantarsa ba, wato dafa giyar hatsi. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan masu nazarin Hausa Musulmi ne, Musulunci kuwa ya haramta giya, saboda haka kunya da tsoron zargi sukan sa a kauce wa batun baki ɗaya. Sai dai bayyana kalma daban yake da halatta abin da kalmar take nufi, kamar yadda masu nazarin bori da tsafi suka daɗe da nunawa.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin abubuwa uku. Na farko, za ta bayyana yadda matan aure suke dafa giyar burkutu a cikin gidajensu a Kafanchan da kewayenta, domin bukatar gida, ba domin ciniki ba. Na biyu, za ta fito da kalmomin Hausa da ake amfani da su a wannan aiki. Na uku, za ta nuna cewa kusan dukkan waɗannan kalmomi na madafin Bahaushiya ne, waɗanda take amfani da su wajen koko da kunu, kuma sunayen abin shan ne kaɗai suka keɓanta.

2.0 Yankin da Harsunansa

Kafanchan ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna. Garin ya bunƙasa ne bayan da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya iso wurin a shekarar 1927, ya zama mahaɗar hanyar Kaduna da ta Jos. Tashar jirgin ta jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na ƙasar nan, kuma a shekarun 1930 fadar Sarkin Jama'a ta koma can. Mutanen da suke ƙasar tun asali su ne Fantswam, a maƙwabtansu kuma akwai Agworok da Atyap da Bajju da Ham da Asholio da Gwong da Nikyob da Ninzo da sauransu. Hausawa sun fi sanin waɗannan al'ummu da sunayen Kagoro da Katab da Kaje da Jaba da Marwa da Kagoma da Kaninkon. Harsunansu suna cikin rukunin harsunan Filato na dangin Binuwai-Kwango, saboda haka ba su da dangantakar asali da Hausa, wadda take cikin dangin Cadi.

Duk da haka, Hausa ce harshen kasuwa da tasha da taron jama'a a yankin, kuma majami'u da yawa da ita suke wa'azi da waƙa. Idan matar Bajju ta haɗu da matar Ham a wurin injin niƙa, galibi da Hausa za su yi magana. Auratayya tsakanin ƙabilu ta ƙara shigar da Hausa har cikin tsakar gida, ta yadda uwar miji takan koya wa surukarta aikin madafi da Hausa idan ba su haɗa harshe ba. Ta wannan hanya ce Hausa ta zama harshen dafa giya a yankin, a gefen harsunan gado.

Ya kamata a tuna cewa giyar hatsi ba baƙuwa ba ce ga Hausawa su kansu. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa Bugazau a matsayin mai dafa giya cikin manyan mutanen zamanin Barbushe. Haka kuma Greenberg (1946) ya nuna matsayin giya a bukukuwa da tsafe-tsafen Maguzawan ƙasar Kano. Ke nan kalmomin da za a tattauna suna da tsohon tushe a cikin harshen.

3.0 Giyar Gida da Giyar Sayarwa

A ƙasashen Turai da Amurka, dafa giya a gida wani abin sha'awa ne da mutum yake yi a lokacin hutunsa, yana sayen kayan haɗi a kanti. Doka ce ma ta buɗe masa ƙofa a baya-bayan nan: Ingila ta soke bukatar lasisi ga mai dafa giya a gida a 1963, Amurka kuwa ta halatta shi a matakin tarayya da wata doka da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978. A kudancin Kaduna al'amarin ya sha bamban. Aikin na mata ne, gadonsa ake yi daga uwa zuwa 'ya, kuma bukata ce take kawo shi.

Hausa ba ta da kalma guda da ke nufin wanda ya iya aiki amma bai ɗauke shi sana'a ba. Kalmar ɗan koyo tana nufin wanda bai ƙware ba, alhali matar da take dafa wa gidanta giya sau uku ko huɗu a shekara tana iya fin mai sayarwa gwaninta. Abin da masu magana suke yi shi ne bambantawa ta hanyar manufa, su ce ta gida da ta sayarwa. Mai giya kuwa, idan aka faɗe ta haka kai tsaye, tana nufin wadda ta mayar da aikin sana'a, ta ware wuri a gidanta ko a bakin kasuwa inda mutane suke zama su sha.

Babban dalilin dafa giyar gida shi ne gayya. Manomin da yake son a taya shi huɗa ko noma ko girbi yakan sanar da maƙwabta rana, matarsa kuma ta fara shiri tun kimanin mako guda kafin ranar, domin giyar ce ladan masu aikin. A ƙasar Hausa ta Musulmi, fura da kunu da tuwo ne suke tsayawa a wannan matsayi, kalmar gayya dai ita ce a wuraren biyu. Netting (1964), wanda ya yi bincike a cikin Kofyar na Filato, ya nuna yadda giyar hatsi take zama ma'aunin daraja da hanyar biyan aiki da tara, kuma bayaninsa ya dace da abin da aka sani a kudancin Kaduna. Sauran dalilan sun haɗa da aure da makoki da sulhu tsakanin dangi da bukukuwan shekara, irin su bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu. A zamanin da, mata ne suke dafa giyar da maza suke kai wa ɗakin dodo, duk da cewa su matan an hana su sanin asirinsa.

Zuwan Kiristanci ya rage wannan al'ada ta wani fanni. Mishan ɗin SIM, wanda ya kafa tasha a Kwoi a 1910, kuma daga baya ya haifi majami'ar ECWA a 1954, ya hana mabiyansa dafa giya da shanta, yayin da Katolika suka fi sassauci. Saboda haka a ƙauye guda ana iya samun gidan da ake dafawa da gidan da ake ƙyamar abin, kuma ƙyamar giya a yankin ba ta keɓanta ga Musulmi ba.

4.0 Matakan Dafa Giyar Burkutu

Hatsin da aka fi amfani da shi shi ne dawa, musamman ja, ko da yake wasu sukan gauraya ta da dauro ko masara. Bayanin da ke biye ya shafi tsarin da aka fi bi, domin kowane gida yana da 'yan dabarunsa.

4.1 Jiƙo da Tsiro

Da farko ana sheƙe dawar, a wanke ta, a jiƙa ta a randa ko duro ta kwana. Washegari a tsame ta, a baza a kan tabarma ko dandamali a cikin inuwa, a rufe da ganyen ayaba ko buhu. Ana yayyafa mata ruwa safe da yamma, ana motsa ta domin kada ta ɗauki zafi ta ruɓe. Cikin kwana huɗu zuwa biyar sai ta fito da saiwa da ɗan kai. Wannan shi ne tsiro, kuma shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne, ƙwayar dawa cike take da sitaci, sitaci kuma ba ya zama giya sai ya fara zama sukari. Yayin da ƙwaya take tsira, takan samar da wasu sinadaran narkarwa domin ta ciyar da ɗan tsironta, waɗannan sinadarai ne mai dafa giya take bukata.

4.2 Shanya da Niƙa

Idan tsiro ya kai, sai a shanya shi a rana kwana ɗaya ko biyu, domin a tsayar da girmansa kafin ya cinye abincin da ke cikin ƙwayar. Bayan ya bushe ana murje shi a fece, saiwoyin su fita. Wannan mataki yana da muhimmanci ga lafiya, domin ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da wani sinadari da ke haifar da gubar sayanayid, wadda ita ce take kashe dabbar da ta ci gyauron dawa, kamar yadda makiyaya suka sani. Shanya da murza da doguwar tafasa suna rage wannan guba ƙwarai. Daga nan sai niƙa. A da a kan dutse ake yi, yanzu kuwa injin unguwa ake kai wa.

4.3 Damu da Tsiyaya

Ana dama garin tsiron da ruwan sanyi a cikin babbar tukunya, a bar shi ya kwanta. Wasu sukan ƙara garin rogo domin giyar ta yi auki. Idan ya kwanta, sai a tsiyaye ruwan saman a ajiye gefe guda, a ɗora sauran mai kauri a kan murhu, ana tuƙawa da muciya har ya dahu ya zama kamar koko. Sa'an nan a sauke, a mayar masa da ruwan da aka tsiyaye. Jim kaɗan sai kaurin ya saki, ruwan ya tsinke, ya yi zaƙi.

Akwai hikima babba a cikin wannan tsiyaya. Sitacin dawa ba ya narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 70 na ma'aunin Salshiyos ko fiye, zafin da ya kai haka kuwa yana lalata sinadaran narkarwa. Da za a dafa komai tare, da an rasa zaƙin. Ruwan da aka tsiyaye yana ɗauke da sinadaran, ya tsira daga wuta, ya dawo ya tarar da sitaci ya riga ya dahu. A shekarar 1988, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanonin giyar kwalba sun koma ga dawa, ciki har da irin SK 5912 da ya fito daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, sun kuma ci karo da wannan matsala ta zafi. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masu bincike suka gabatar ita ce raba ruwan sama da na ƙasa kafin dafawa, wato abin da matan karkara suka daɗe suna yi.

4.4 Tsami da Dafuwa ta Biyu

Ana barin wannan ruwa mai zaƙi ya kwana a buɗe. Cikin dare wasu ƙwayoyin bakteriya, irin waɗanda suke mayar da madara nono, sukan sa shi ya yi tsami. Gwanintar mace takan bayyana a nan, domin da ɗanɗano take gane ko tsamin ya isa. Idan bai isa ba giyar za ta yi lami ta kuma lalace da wuri, idan ya zarce kuwa ba za ta shawu ba. Da ya kai yadda ake so, sai a tace, a sake ɗorawa a wuta a tafasa na sa'o'i da yawa, ana kwashe kumfa. Wannan dafuwa ita ce take cin itace, ita ce kuma take kashe ƙwayoyin tsamin, ta ƙara wa ruwan kauri. Abin da ya rage a matata ana kiransa dusa, kuma abincin aladu ne mai kyau. Dusar giya tana daga cikin abin da ke tallafa wa kiwon aladu a yankin, inda kasuwar Katsit da ke gefen Kafanchan ta yi suna wajen cinikinsu.

4.5 Tashi

Bayan ruwan ya huce, sai a zuba masa ɗan ragowar tsohuwar giya, ko a juye shi a tukunyar da aka saba dafawa a ciki, wadda ƙwayoyin yisti suka riga suka zauna a jikinta. Yistin yana cin sukari, yana fitar da iska da sinadarin da ke sa maye. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai a ga tukunya tana kumfa tana ƙara kamar mai tafasa alhali babu wuta, a ce giya ta tashi ko ta nuna. Giyar burkutu ja-ja ce, mai kauri da tsami, ƙarfin mayenta yakan kasance tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Ana shan ta tana cikin tashi, kuma ba ta ajiyuwa. Bayan 'yan kwanaki wasu ƙwayoyin sukan mayar da ita ruwan tsami zalla. Wannan ne ya sa lissafin kwanaki ya zama wajibi: matar da ta yi kuskuren kwana guda tana iya kunyata mijinta a ranar gayya, ta kuma yi asarar mudu da yawa na dawar da iyali za su ci.

5.0 Kalmomin Aikin

5.1 Aikatau da Kayan Aiki

Idan aka tattara kalmomin da suka fito a sashe na 4, za a sami jeri kamar haka:

(1) Aikatau: sheƙe, jiƙa, tsame, baza, yayyafa, tsira, shanya, murje, fece, niƙa, dama, kwanta, tsiyaye, tuƙa, tace, tafasa, huce, tashi, nuna.

(2) Kayan aiki: randa, tukunya, tulu, duro, murhu, muciya, matata, ƙwarya, ƙoƙo, ludayi, mudu.

(3) Yanayi da sakamako: tsiro, gari, zaƙi, tsami, lami, kauri, kumfa, dusa.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da Bahaushiyar Kano ko Katsina ba ta amfani da ita a madafinta. Tana jiƙa gero ta niƙa ta tace domin gasara, tana barin ƙullu ya kwana ya tashi domin waina, tana sanin ruwan tsami na tuwo. Abin da ya fi kusa shi ne kunun zaƙi. Mai yin sa takan raba ƙullunta biyu, ta dafa kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, ta haɗa ɗaya kashin ɗanye da dankali ko tsiron hatsi, sa'an nan ta gauraya su, kunun ya tsinke ya yi zaƙi. Dabarar ita ce dai wadda aka bayyana a 4.3. Inda hanyoyin suka rabu shi ne a mataki na ƙarshe: mai kunu tana tsayawa a zaƙi, mai giya tana zuba yisti ta jira. Wannan ne ya sa harshen bai bukaci ƙirƙirar sababbin aikatau ba, faɗaɗa ma'anar waɗanda ke akwai ya wadatar. Alal misali, nuna ta 'ya'yan itace da ta abinci ta miƙe zuwa ga giya, haka ma tashi ta ƙullu.

5.2 Sunayen Abin Sha

A nan ne ake samun keɓaɓɓun kalmomi:

(4) giya: suna na gaba ɗaya ga duk abin sha mai sa maye, na gida ko na kwalba.

(5) burkutu ko burukutu: giyar dawa mai kauri. Siga ta farko ta samu ne ta hanyar shafe wasalin gaɓa ta biyu.

(6) fito: giyar hatsi da aka fi tacewa, mai sauƙin kauri da ƙarfi. A Gana da kudancin Nijeriya pito ake cewa, Hausa kuwa takan mayar da /p/ ta kalmar aro zuwa /f/, kamar a fensir da fasinja. A rubuce kalmar ta yi daidai da fito na jirgin ruwa da fito na baki da fito na umurnin fitowa, karin sauti da tsawon wasali da muhallin magana ne suke raba su.

(7) bammi: ruwan da ake tatsa daga itacen kwakwa ko tukurwa.

(8) barasa da ogogoro: abin sha mai tsananin ƙarfi da ake samu ta hanyar turara giya a tara tururinta.

Irin wannan giya ta dawa tana da 'yan'uwa a faɗin Afirka: dolo a Mali da Burkina Faso, cukutu a Benin da Togo, bilbil a arewacin Kamaru, marisa a Sudan. Suna na ƙarshe abin lura ne, domin Hausawa suna cewa wane ya sha ya yi marisa, wato ya bugu matuƙa. Idan aka tuna da tsohuwar hanyar alhazai da ta ratsa Sudan, da yawan Hausawan da suka zauna a can, akwai dalilin danganta kalmomin biyu.

Ta fuskar ƙirar kalma, ɗafa-goshin ma- yana ba da mashayi da jam'insa mashaya, yana kuma ba da mashaya ta wuri. Rubutu bai raba biyun ba, karin sauti ne yake rabawa, kamar yadda yake raba maye na buguwa da maye mai kama kurwa. Ita kuwa bugu, aikatau ce 'yar aji na bakwai daga buga, wato an ɗauki mashayi a matsayin wanda abin shan ya doka.

5.3 Furuci da Jinsi

Hausar da ake ji a bakin masu wannan aiki tana da siffofin Hausar waɗanda suka koye ta a matsayin harshe na biyu. Baƙaƙe masu ƙugiya sukan rasa ƙugiyarsu, /ts/ kuma takan koma /s/:

(9) ƙwarya > kwarya. Jiƙa > jika. Niƙa > nika. Tsiro > siro. Tsami > sami.

Haka kuma bambancin jinsi yakan ɓace a ɗafin nasaba da dirka da wakilin suna:

(10) giyar dawa > giyan dawa. Giya ce > giya ne. Ta nuna > ya nuna.

Misalai na (10) ba su keɓanta ga waɗanda ba Hausawa ba, domin karin harshen Zazzau da na Bauchi su ma an san su da raunin bambancin jinsi, kuma Hausar Zazzau ce ta fi kusa da yankin. Mai tattara kalmomi yana bukatar ya rubuta abin da ya ji yadda ya ji shi, kafin ya mayar da shi daidaitacciyar Hausa.

5.4 Sakaya Zance da Adon Magana

Abin da al'umma take jin nauyinsa yakan tara sunayen sakayawa. Ana kiran giya ruwa, kamar yadda ya fito a sunan waƙar nan ta Mamman Shata, "A Sha Ruwa". Ana cewa kwalba ga giyar kamfani, 'yan boko kuma sun taƙaita burkutu zuwa haruffa uku, BKT. A ɗaya ɓangaren, marubuta waƙoƙin wa'azi irin su Mu'azu Haɗeja sun ambaci giya da sunanta domin su yi horo a kanta. Kalmar ta kuma shiga adon maganar kowa, har da wanda bai taɓa ganin tukunyarta ba: ana cewa giyar mulki ta ɗebe shi, ana cewa ko giyar wake ya sha ba zai yi kaza ba.

6.0 Muhimmancin Tattara Kalmomin

Akwai dalilai uku da suka sa bai kamata a ci gaba da kawar da kai ba. Na farko ya shafi ƙamus. Tun daga Bargery (1934) zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006), Hausar manyan biranen Arewa ce ma'auni. Amma Hausa ta zama harshen al'ummu masu addinai da al'adu daban-daban, ƙamusun da zai wakilce ta a yau kuwa dole ya ƙunshi ma'anonin da kalmomi suka samu a Kafanchan da Zonkwa da Kwoi.

Na biyu ya shafi lafiyar jama'a. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai ɗauke da gubar metanol. Haɗarin barasa irin wannan daban yake da na giyar burkutu, wadda matsalolinta suka fi shafar dawa mai fumfuna, da ruwa marar tsabta, da tsofaffin durorin da aka taɓa zuba sinadarai a ciki, da abubuwan da wasu masu sayarwa suke ƙarawa domin ƙarfi, ban da illar yawan sha ga hanta da zaman iyali. Sanarwar rediyo da ta kira dukkansu giya ba za ta isar da gargaɗin ga wanda ake nufi ba. Mai fassara yana bukatar sanin bambancin (5) da (8).

Na uku ya shafi harsunan yankin. Kowannensu yana da nasa sunayen ga tsiro da tukwane da matakan dafuwa da ladubban sha. Yayin da Hausa take shiga tsakar gida, majami'u suna hana aikin, giyar kwalba kuma tana maye gurbin ta tukunya, waɗannan sunaye suna cikin na farko da za su ɓace, domin a bakin tsofaffin mata kaɗai suke. Masanin Hausa yana da alhaki a nan, tun da harshensa ne yake maye gurbinsu.

7.0 Kammalawa

An bayyana matakan dafa giyar burkutu a gida, tun daga jiƙo har zuwa tashi, an kuma nuna dalilin kowane mataki. An ga cewa aikatau da sunayen kayan aikin duka na madafin Hausawa ne, an faɗaɗa ma'anar wasunsu, kuma keɓaɓɓun kalmomi sun taru ne a sunayen abin shan da hanyoyin sakaya su. An kuma ga alamun Hausar yankin a furuci da jinsi. Shawarar da za a bayar ita ce, sassan nazarin harsunan Nijeriya su tura ɗalibai 'yan asalin yankin, musamman mata, su tattara waɗannan kalmomi da Tyap da Jju da Hyam da sauran harsuna, kowace kalma a gefen takwararta ta Hausa, tare da alamar karin sauti da tsawon wasali. Irin wannan jeri ne zai nuna wace kalma Hausa ta bayar, wace ta karɓa, wace kuma take gab da ɓacewa.